Haƙorin da Ya Yi Shiru Bai Mutu Ba

A ce yaro ya faɗo daga kabu-kabu a hanyar Jiratawa, haƙorin gaba ya bugu, aka kawo shi Maradi wurin likitan haƙori. Likita zai ɗora masa abu mai sanyi ya ce, "Ka ji?" In yaro ya ce bai ji ba, sai hankali ya tafi ga cirewa ko rarake cikin haƙorin. To amma abin da sanyi yake gwadawa jijiyar ji ce kawai, alhali jinin da ke gudana cikin ɓargon haƙori shi ke riƙe da ransa. Bayan bugu, jijiyar takan suma makonni, har watanni, jini kuwa yana nan yana kai-komo. Ga yara ma gwajin ya fi ruɗi, don saiwar haƙorinsu ba ta gama ƙosawa ba.

Ido ma yana yaudara. Mutanen Tibiri sun san wannan fiye da kowa: daga tsakiyar shekarun 1980, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara, ya rina musu haƙora. Haƙori ne mai tabo, amma rinin yana jikin ɓawo, ciki kuwa da ransa.

Nan haske ya shigo. A 1842 Christian Doppler, mutumin Ostiriya, ya bayyana abin da kowa ke ji in mota mai jiniya ta wuce: ƙarar takan sauya tsakanin tahowa da wucewa. Haske ma haka yake. A 1986 Gazelius da abokan aikinsa a Suwidin suka haska leza cikin haƙorin mutum. Hasken da ya faɗa kan ƙwayoyin jini masu tafiya yakan dawo a sauye, na'ura ta auna sauyin, har a ga bugun zuciya a allo. Bugun zuciya fa, daga cikin haƙori! Ba a tambayi yaro komai ba, bai kuma ji zafi ba.

Wani zai ce, ina mu ina wannan, mu da likitan haƙori ma sai an yi tafiya? Da gaskiyarsa. Na'urar leza tana da tsada, ɗan motsi kaɗan na ɓata awo, jinin dasashi kuma yakan yi shisshigi sai an rufe dasashin. Sai dai akwai ta biyu, 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa, wadda ta yi suna lokacin Korona. Takuo Aoyagi na Japan ya ƙirƙiro dabararta a shekarun 1970, tana auna iskar da ke cikin jini da jan haske, kuma masu bincike suna gyara bakinta ya kama haƙori. Ko babu na'urorin ma, abin da suka tabbatar ya isa ya sauya aiki: in babu ƙurji ba kumburi, a jinkirta, a sake dubawa bayan makonni, a ɗauki hoto.

Haƙorin da ya fara duhu bayan bugu, ko dasashi ya fitar da mugunya, wannan kam a garzaya asibiti, kada a jira.