Abin da ya kamata ku sani kafin ku gyara tsohon jirgin katako

Jiratawa garin noman rani ne, amma duk wanda ya gangara kudu kaɗan zuwa tafkin Madarunfa zai tarar da masunta da jiragensu na katako, wasu an ja su tudu suna jiran gyara. Tafkin yana cika da damina, ya janye da rani, kuma wannan janyewar ce ke ba mai jirgi damar ya duba abin hawansa da kyau. Katako ya yi tsada, saboda haka yawanci ba sabo ake sarawa ba, tsohon ake lallaɓawa. Matsalar ita ce gyaran yakan tsaya a kwalta: inda aka ga yoyo, a narka a shafe. Kwalta tana tare ruwa na ɗan lokaci, amma ba ta ƙara wa jirgi ƙarfi ko kaɗan, sau da yawa ma ruɓa take ɓoyewa.

Ƙarfin jirgi yana ga katakon gindi da haƙarƙarin da ke riƙe da allunan gefe. Daga nan ake fara dubawa. A kife jirgin a kan duwatsu ko gungume, kada ya taɓa ƙasa saboda gara, a kankare tsohuwar kwalta har fuskar katako ta fito. Sai a ɗauki ƙaramar guduma a bi shi taki-taki ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji dum. Inda aka yi shakka a caka bakin wuƙa. Idan ta shige ba gardama, ko ta ɓantaro katako yana marmashewa, wurin ya mutu. An fi samun haka a kusurwoyin ciki, inda ruwa ke kwanciya ya bushe, ya sake kwanciya. Katakon da ke nutse kullum ba ya saurin ruɓewa kamar wanda ke jiƙewa yana shan iska.

A lura da ƙusoshi. Baƙin zobe a kewayen kan ƙusa alama ce cewa tsatsa ta ci ƙarfen, ta kuma lalata katakon da ke riƙe da shi. Irin wannan allo yana nan a wurinsa ne kawai don ba a gwada shi da nauyi ba. Cire ƙusar ake yi, a cike ramin da turken katako, a buga sabuwa a gefe, marar saurin tsatsa in an samu.

Haƙarƙarin da ya tsage ba sai an fitar da shi ba. Ana sassaƙa wani daidai lanƙwasarsa, a jingina shi da tsohon, a ɗaure su tare, sabon ya zarce tsagin ta kowane gefe. Allo kuwa, in ya ruɓe, a yanke har a shiga lafiyayyen katako sosai, domin ruɓa tana tafiya a ciki fiye da inda ido ya tsaya. A nan ne masu gyaran gida suka fi yin kuskure: su yanke kai tsaye, su kara baki da baki, su buga faci a kai. Mahaɗa mai ƙarfi a gangare ake fere ta, tsawon gangaren ya kai kaurin allon sau takwas. Allo mai kaurin santimita 3 yana son gangaren santimita 24. Aiki ne na gizago da haƙuri, kuma wanda hannunsa bai faɗa ba gara ya kira kafinta ya yi masa wannan kaɗai. Maɗaci ne itacen da masu sassaƙar jirgi a kogin Neja suka daɗe suna yabawa; kowane iri aka samu dai, ya zama busasshe.

Toshiya ita ce ta ƙarshe. A Mopti ta Mali, tsumma da man kaɗanya ake cusawa tsakanin alluna. A Lamu ta Kenya, inda har yau jirage ke tafiya da iska, auduga ce da mai. Hikimar ɗaya ce: a cusa daidai, kada a danna da ƙarfin tsiya. Allon da ya sha zafin bazara ya tsuke, kuma da ya koma ruwa zai kumbura. In an cika tsagin maƙil, kumburin zai iya tumɓuke ƙusa.

Ina nanata maganar duba katako ne saboda jirgin da gindinsa ya mutu ba ya yin gargaɗi. A ranar 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya rabe biyu a kogin Neja kusa da Wara, jihar Kebbi, kuma kaɗan ne suka tsira. Hukumomi sun ce tsoho ne, an kuma yi masa lodi fiye da kima.

In an gama gyara, a saka jirgin a ruwa marar zurfi, ba kowa a ciki, ya kwana biyu ko uku katako ya sha ruwa. Tsattsafo na ranar farko ba abin tsoro ba ne. Yoyon da ya ƙi tsayawa bayan nan kuwa, a sake jan jirgin tudu a nemo inda yake kafin a ɗauki ko mutum ɗaya.