Mena: Tarihi da Matsayin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Jamhuriyar Nijar

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bibiyar tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fi sani da Mena, tun daga wasanta na farko a 1961 har zuwa 2025. Za a fara da nazarin sunan ƙungiyar, domin shi ne ya fi shafar masu nazarin harshe, sa'an nan a duba sakamakon wasanninta. Abin da maƙalar ke son fitarwa shi ne, a manyan lokuta uku na tarihin Mena, makomarta ta rataya ne a kan ƙa'idar da ake bi a raba gardama idan aka yi kunnen doki. Sau biyu ƙa'idar ta ɗaga ta, sau ɗaya ta kayar da ita.

Ya kamata a fayyace abin da ake nufi da ƙaramar ƙasa a nan. Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita kimanin 1,267,000, ke nan ta fi Nijeriya faɗi, kuma jama'arta sun haura miliyan 25. Ƙanƙantarta a fagen ƙwallo ta kuɗi ce da filaye da ƙarancin 'yan wasan da ke buga wa manyan kulob na ƙetare. Bugu da ƙari, wasan da ya fi shiga ran jama'ar Nijar shi ne kokawar gargajiya, wadda tun 1975 ake gudanar da gasarta ta ƙasa domin neman takobi.

2.0 Sunan Mena

Mena suna ne da Hausawan Nijar ke kiran wata dabbar daji dangin barewa, wadda masana kimiyya ke kira Nanger dama. Ta fi barewa girma da tsawon wuya da ƙafafu, jikinta fari ne, wuyanta da gadon bayanta kuma jajaye. Mazauninta bakin hamada ne, kuma hotonta ne ke jikin tambarin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, wato FENIFOOT. Farauta da fari sun kusa ƙarar da ita. Waɗanda suka saura a daji a duk duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wasunsu a duwatsun Azbin da na Termit.

Wannan ya sa kalmar ta zama misali mai kyau na yadda muhalli ke iyakance yaɗuwar kalma. Mai jin Hausa a Keffi ko Lafiya ya san barewa da gada da gwanki, ko da a tatsuniya da karin magana ne, amma da wuya ya san mena a matsayin dabba. Idan ya ji kalmar, to, a labarin wasanni na rediyo ya ji ta, kuma ƙungiya ce za ta faɗo masa a rai. Wato ma'anar aro ta riga ma'anar asali isowa kudancin ƙasar Hausa, kuma a yadda dabbar ke ƙarewa, mai yiwuwa ne ta fi ta daɗewa.

Ta fuskar nahawu, Faransanci ya mayar da kalmar namiji, jaridun Ingilishi kuma sukan ƙara mata harafin jam'i na harshensu. A Hausa kuwa jinsin mace take ɗauka, ana cewa Mena ta Nijar ta ci, ko an doke ta, wanda ya dace da ƙarshenta na wasalin a da kuma jinsin kalmar ƙungiya. Haka zalika, Nijar ta shiga sahun ƙasashen da suka laƙaba wa ƙungiyarsu suna daga harshen gida, irin su Gini mai Syli daga harshen Susu, da Zambiya mai Chipolopolo daga Bemba, da Afirka ta Kudu mai Bafana Bafana daga Zulu. Nijeriya da Mali da Burkina Faso kuwa duk da harshen Turawan mulkin mallaka suka raɗa wa nasu suna. Abin lura shi ne, Nijar ta kauce wa zaki da giwa da gaggafa, ta zaɓi dabbar da makaminta gudu ne kawai.

Akwai sunayen Hausa a cikin kulob-kulob ɗin ƙasar ma, sai dai rubutun Faransanci kan ɓad da kamarsu. Jangorzo ta Maraɗi jan gwarzo ce. Dan Kassawa, ita ma ta Maraɗi, sunan Ɗan Kasawa ne, Sarkin Katsinan da ya kafa sarauta a Maraɗi bayan jihadi. Zumunta ta Yamai ba ta buƙatar fashin baƙi. Haka sunayen mutane suke: Maazou shi ne Ma'azu, Harouna shi ne Haruna, Daouda kuma Dauda. A wannan maƙala za a bi ƙa'idar rubutun Hausa wajen rubuta irin waɗannan sunaye.

3.0 Daga 1961 zuwa 1981

Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta, 1960. A watan Disamba na 1961 ta shiga wasannin sada zumunta na ƙasashen rainon Faransa a Abidjan, inda ta yi canjaras da Cadi da ci 2 da 2, kwana biyu bayan haka kuma Kwango Brazabil ta zura mata ƙwallo 10 ba ko ɗaya. Shekarun da suka biyo baya ba su da wani abin a zo a gani. Takan shiga wasannin share fage a fitar da ita tun zagayen farko, wani lokaci ma ta janye saboda rashin kuɗi.

Karo na farko da aka waiwayo ta shi ne wajen neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 1982. A 1980 ta haɗu da Somaliya, aka tashi ba ci a Yamai, aka yi 1 da 1 a Mogadishu. Jimilla kunnen doki ke nan, amma ƙa'idar wancan zamani ta fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa, don haka Nijar ta wuce. A zagaye na biyu Togo ta bi ta har Yamai ta ci ta 1 da nema, ita kuma ta rama da 2 da 1 a Lome, aka sake yin jimillar kunnen doki, wannan ƙa'ida ta sake tsallakar da ita. Ke nan ta haye zagaye biyu ba tare da ta ci ƙwallo ko ɗaya a gidanta ba. A 1981 Aljeriya ta tsayar da ita da ci 4 ba ko ɗaya, ko da yake Mena ta ci 1 da nema a wasan Yamai. Wannan Aljeriyar ce ta fitar da Nijeriya a zagayen ƙarshe, gida da waje, ta je Sifen ta doke Jamus ta Yamma. Saboda haka nasarar Yamai, duk da ba ta canza komai ba, ba ƙaramin abu ba ce.

4.0 Shekarun 2010 zuwa 2013

Bayan 1981 sai da aka yi kusan shekara 30 ana jira. A tsakani an buɗe babban filin wasa na Yamai a 1989, wanda ke ɗauke da sunan Janar Seyni Kountché, an kuma lallasa Muritaniya da ci 7 da 1 a 1990. Alamar farfaɗowa ta bayyana a 2010, lokacin da 'yan wasan Nijar masu bugawa a cikin gida suka fitar da takwarorinsu na Nijeriya daga gasar CHAN, da ci 2 ba ko ɗaya a Yamai da kuma canjaras a Kano.

A neman gurbin gasar cin kofin ƙasashen Afirka ta 2012, an haɗa Nijar rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ce ke riƙe da kofin, ta kuma ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Ranar 10 ga Oktoba, 2010, Mena ta doke ta da ci 1 da nema a Yamai, Musa Ma'azu ne ya jefa ƙwallon. Daga nan ta ci Saliyo 3 da 1, ta ci Afirka ta Kudu 2 da 1, duk a Yamai. A waje kuwa duk wasanni ukun an cinye ta, kuma ko ƙwallo ɗaya ba ta ci ba. Wannan kishiyar abin da ya faru a 1980 ce.

Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba, 2011, Masar ta ci Nijar 3 ba ko ɗaya, yayin da Afirka ta Kudu da Saliyo suka tashi ba ci a Nelspruit. Ƙasashe uku suka ƙare da maki 9 kowacce. Mai horar da Afirka ta Kudu, Pitso Mosimane, da 'yan wasansa sun ɗauka cewa yawan rarar ƙwallaye za a duba, kuma a nan su ne kan gaba, domin suna da rarar 2, Nijar kuwa tana da giɓin 2. Don haka suka yi ta jan lokaci domin a tashi canjaras, da aka busa tashi kuma suka shiga rawa a gaban jama'arsu. Ashe dokar hukumar CAF ta tanadi cewa a fara duba sakamakon wasannin da masu kunnen dokin suka yi a tsakaninsu. A wannan lissafi Nijar na da maki 6, sauran biyun suna da 5 kowacce. Haka Mena ta sami gurbinta na farko a ranar da aka ci ta. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin abin dariya a kan Afirka ta Kudu, amma a ganin wannan marubuci bai kamata hakan ya rufe gaskiyar cewa Nijar ce kaɗai ta ci wasa uku a rukunin ba. Mai horar da ita, Haruna Dula, shi ne CAF ta zaɓa gwarzon masu horarwa na Afirka na 2011.

Gasar kanta, wadda aka yi a Gabon da Ikwatoriyal Gini, ba ta yi daɗi ba. Ana gab da farawa hukumar ƙwallon Nijar ta kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, bayan wasan farko kuma ragamar ta koma hannunsa. Gabon ta ci 2 ba ko ɗaya, Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da nema. Sauya mai horarwa a tsakiyar gasa, musamman wanda ya kawo ƙungiyar wurin, shawara ce da sakamako bai gaskata ta ba.

A 2013 Mena ta sake komawa, wannan karo a ƙarƙashin Bajamushe Gernot Rohr, wanda daga baya ya horar da Nijeriya daga 2016 zuwa 2021. Ta fitar da Gini ta hanyar da ta saba, wato an ci ta 1 da nema a Konakiri, ta rama da 2 ba ko ɗaya a Yamai. A Afirka ta Kudu Mali ta ci ta 1 da nema, Gana ta ci ta 3 ba ko ɗaya, amma ta riƙe Kwango Kinshasa aka tashi ba ci, inda mai tsaron gida Dauda Kasali ya yi rawar gani. Idan aka haɗa gasannin biyu, Nijar ta buga wasa 6, ta yi canjaras 1, an ci ta 5, ta zura ƙwallo 1 tak ta ƙafar William N'Gounou a ragar Tunisiya, an zura mata 9.

5.0 Mena ba Gida

Mafi nisan da wata ƙungiyar manya ta Nijar ta kai a gasar nahiya shi ne a CHAN da aka buga a Aljeriya a farkon 2023, kuma Haruna Dula ne ya sake jan ragama. Ta doke Kamaru a rukuni, ta fitar da Gana da ci 2 ba ko ɗaya, sa'an nan mai masaukin baƙi ta ci ta 5 a wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na huɗu.

A wannan tsakani kuma sai ƙungiyar ta rasa babban makaminta. CAF ta yanke hukuncin cewa filin Yamai bai cika sharuɗɗan manyan wasanni ba, don haka daga 2023 zuwa 2025 wasannin da ake kira na gida a ƙasashe irin su Maroko da Togo aka buga su. Wanda ya san rawar da zafin Yamai da ihun 'yan kallo suka taka a 2010 da 2011 zai zaci ƙarshen tika-tika ke nan. Sakamako ya nuna akasin haka. A ƙarƙashin Badou Zaki, tsohon mai tsaron gidan Maroko, Mena ta ci Sudan 4 ba ko ɗaya a Lome a watan Nuwamba na 2024, ta bi Gana har Ankara ta ci ta 2 da 1. Maki ɗaya ne ya raba ta da Sudan, wadda ta sami gurbin gasar Afirka ta 2025.

A neman gurbin kofin duniya na 2026, rukunin Nijar ya ƙunshi Maroko da Zambiya da Tanzaniya da Kwango Brazabil, bayan da Iritiriya ta janye. Ta doke Zambiya sau biyu, na biyun a Ndola, ta ci Tanzaniya a Zanzibar, ta ƙare ta biyu a bayan Maroko da maki 15 daga wasa 8. Adalci ne a ambata cewa uku daga cikin makin a kan tebur aka ba ta, saboda Kwango ba ta halarci wasan watan Yuni na 2024 ba.

Daga cikin ƙasashe tara da suka zo na biyu a rukunoni, huɗu ne kawai za su shiga wasan cike gurbi. Janyewar Iritiriya ta sa aka soke wa sauran ƙasashen makin da suka samu a kan ta shida a rukuninsu, domin a daidaita yawan wasanni. Da aka yi haka, Gabon da Kwango Kinshasa suka wuce kai tsaye, sai ga Kamaru da Nijeriya da Burkina Faso da Nijar da maki 15 kowacce, alhali gurbi biyu ya rage. Tun da ba rukuninsu ɗaya ba, babu wasan tsakani da za a duba kamar a 2011, sai aka koma ga rarar ƙwallaye, wato ma'aunin da Afirka ta Kudu ta dogara da shi a wancan lokaci. Kamaru na da rarar 9, Nijeriya 7, Burkina Faso 6, Nijar kuwa 1, domin ƙwallo 5 da Maroko ta zura mata a Rabat a watan Satumba na 2025 sun cinye abin da ta tara. Kamaru da Nijeriya suka ɗauki guraben. Ita Nijeriya ta cike tata rarar ne ranar 14 ga Oktoba, 2025, a Uyo, da ƙwallo 4 da ta zura wa Jamhuriyar Binin, wadda tsohon mai horar da Mena, Gernot Rohr, ke jagoranta.