Ba Tsawon Dutse Ke Kawo Kyan Hoto Ba

Tun da wayoyi masu kyamara suka wadata, samarin Talata Mafara da Bakura suke gasar ɗora hoton fitowar rana da faɗuwarta a Facebook, kuma musun da ake yi a majalisu bai wuce wane dutse ya fi tsawo ba. Wasu har suna cewa sai an je Kwatarkwashi, can kusa da Gusau. Wannan tunani ne ke ba ni haushi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, fadamu da gonaki, don haka ɗan tudun da ya ɗara kan itatuwa ya wadatar. Abin dubawa shi ne inda tudun yake fuskanta, da abin da ke gabansa.

Rana ba ta da mafita guda. A watan Yuni takan hudo ta arewa maso gabas, kusan daidai alƙibla. A Disamba kuwa ta koma kudu maso gabas, tazarar da ta kai digiri 48. Tudun da ya ba ka ruwan madatsar Bakolori yana walƙiya a gabanka da damina, da hunturu sai ka tarar ranar ta kauce, ta bar maka duhun kurmi. Wannan madatsa da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, a yankin Maradun, ita ce babbar kadarar mai ɗaukar hoto a nan, domin ruwa yana ninka launin sama.

Sai batun hazo. Mutane da yawa sun ɗauka ƙurar hunturu ce ke janyo jan sama. Iska mai tsabta ce ke watsar da shuɗin haske ta bar ja da ruwan goro su iso ido. Ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Chadi ƙwayoyinta manya ne, kowane launi watsa shi take yi, shi ya sa rana ke komawa fara fat kamar murfin kwano, ta ɓace tun ba ta taɓa ƙasa ba. A jira ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya wanke sama kuma da sauran gizagizai. A kuma iso da wuri, don a nan rana a tsaye take gangarowa; minti ashirin da 'yan kai bayan faɗuwarta, hasken ya ƙare.

Wato saukowa cikin duhu za a yi, kuma a Zamfara ta yau wannan ba ƙaramar magana ba ce. Baƙon da aka gani a kan dutse da asuba yana ɗaga waya, infoman 'yan bindiga za a fara kiransa kafin a tambayi sunansa. A zaɓi tudun da ke jikin gari, a sanar da mai unguwa da Askarawa masu tsaron gari, a nemi izini kafin a ɗauki madatsa. Duwatsun cikin dajin Maradun kuwa a bar su tukuna, har ranar da hukuma ta iya kai manomi gonarsa ta dawo da shi lafiya.