Labarin Bama Da Ya Cancanci Littafin Hotuna Na Yara

Tun daga "Magana Jari Ce" na Alhaji Abubakar Imam, yaran Arewa sun saba da littafi mai hotuna, amma galibi labarin sarakuna ne da dabbobi. Ga wani labari na gaske wanda ya cancanci a zana wa yara shi.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila sun kwashi dubban samari daga Nijeriya zuwa Bama don su yaƙi Japanawa, kuma Hausa ce harshen bariki a wancan zamani. Daga cikinsu akwai Isaac Fadoyebo, Bayerabe kuma Kirista daga wajen Owo, wanda ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16, aka sa shi aikin jinya. A watan Maris na 1944 Japanawa suka auka wa ƙungiyarsu a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi cikin daji tare da David Kargbo, mutumin Saliyo.

Wanda ya cece su wani manomi ne Musulmi, Shuyiman, talaka liƙis. Bai san harshensu ba, launin fatarsu ma daban. Duk da haka ya riƙa kai musu shinkafa, daga baya ya ɓoye su a gidansa wata da watanni, alhali kuwa ya san in Japanawa suka gane, shi da iyalinsa sun halaka. Sai a ƙarshen shekarar aka zo aka ɗauke su. A 2011 ɗan jarida Barnaby Phillips ya gano iyalin Shuyiman, ya miƙa musu wasiƙar godiya daga Fadoyebo, wanda ya rasu a 2012.

A garin Potiskum, inda fadar Sarkin Fika take tun 1924, ɗan Bolewa da ɗan Ngizim da ɗan Karekare da Bafillace aji ɗaya suke zama, kuma yaran wannan gari sun ga tashin hankali da idonsu, musamman harin da aka kai makarantar sakandare a 2014. Su ne suka fi buƙatar wannan littafi. An riga an buga ƙamus na Bolanci a Potiskum a 2004, saboda haka ana iya fitar da shi cikin Hausa da Bolanci, shafi da shafi. Abin da ya rage shi ne marubuci da mai zane su haɗa kai.