Wai an tura wa kansilolin Potiskum kuɗin unguwanni sun danne?

Saƙon murya ne na WhatsApp. Ya zaga rukunin 'yan unguwa, ya shiga na tsofaffin ɗalibai, har ya kai wayoyin iyayenmu mata. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma rantsuwa kam ya sha ta. Abin da yake cewa shi ne, wai tun da Kotun Ƙoli ta sakar wa ƙananan hukumomi mara, kowane kansila a Potiskum yana karɓar miliyoyin naira duk wata kai tsaye daga Abuja domin aikin mazaɓarsa, yana kuma yin sama da faɗi da su. Saboda haka ya ce kada kowa ya sake fita aikin gayyar yashe kwata, kada a sake ba da ko sisi na karo-karon gyaran famfo, sai kansiloli sun fito da kuɗin. Sannan ya yayyafa wasu ƙananan zarge-zarge a kai domin miyar ta yi kauri.

Ƙananan, wato zancen taransifoma da titi da naɗin kansiloli, ba su da wuyar sallama. Taransifomar da ta lalace ta kamfanin rarraba wuta na Yola ce, wanda ke kula da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Kansila na iya kai kuka, amma ba shi ke riƙe da ita ba. Babban titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa gari na gwamnatin tarayya ne. Cewa kuma ba a zaɓi kansilolin ba, naɗa su aka yi, ba haka ba ne: hukumar zaɓe ta jihar Yobe ta gudanar da zaɓe a 2021 da 2024, APC ta kwashe kujerun. Mutum na da damar ya yi tsaki a kan yadda jam'iyya mai mulki ke lashe komai a zaɓen ƙananan hukumomi kusan a kowace jiha, amma wannan wata magana ce daban.

Maganar kuɗin ita ce mai dafi, domin an gina ta a kan abubuwa na gaskiya. Gaskiya ne ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin: a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya ɗora kantomomi. Gaskiya ne kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, kuma yawan nairorin ya ƙaru tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Haka kuma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da magudanan ruwa, da kwashe shara, da titunan cikin unguwa, da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da maƙabartu. Wanda ya ce yashe kwata haƙƙi ne a wuyan ƙaramar hukuma bai yi ƙarya ba.

Inda saƙon ya saki hanya shi ne wurin wanda ke karɓar kuɗin. Hukuncin ya yi magana ne a kan asusun ƙaramar hukuma. Babu inda ya ce a raba kason mazaɓa-mazaɓa, balle a zuba shi a asusun kansila. Potiskum ƙaramar hukuma ɗaya ce mai mazaɓu goma, kuma duk wanda ya buɗe teburin rabon wata-wata da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke wallafawa zai ga layi ɗaya ne tak da sunan Potiskum. Ba zai ga layin Dogo Nini ba, ba zai ga na Bolewa ko Hausawa ko Mamudo ba. Shi zaɓaɓɓen kansila ɗan majalisa ne: ya zauna da 'yan uwansa su duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo, su amince ko su gyara, su yi ƙananan dokoki, su bi sawun ayyuka. Fitar da kuɗi yana hannun ciyaman da ma'aji da manyan ma'aikatan sakatariya.

Ko shi biyan kai-tsayen ma, yanke hukunci daban, aiwatarwa daban. Shekara ta zagayo bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kukan cewa ba a fara ba, ana ta jan ƙafa a kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki, wanda ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, yana nan ba a goge shi ba. Kuma a tsarin da aka saba, kafin a yi zancen kwalbati ko rijiyar burtsatse sai an cire albashin malaman firamare da na ma'aikata, da fansho, da kason masarautu. Mai saƙon bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani ya ga za su ɓata masa labari, kuma duka biyun ba su ba shi izinin tayar da hankalin gari ba.

Ina jin na san inda aka aro zancen. 'Yan majalisar tarayya suna da abin da ake kira ayyukan mazaɓu, wanda aka daɗe ana ware masa naira biliyan 100 a kasafin shekara. Ko a can, a ƙa'ida ba a miƙa wa ɗan majalisa kuɗin a hannu, ta ma'aikatu da hukumomi ake bi. Amma tun da ICPC ta fara bin diddigin waɗannan ayyuka a 2019 ta riƙa tono aikin da aka biya ba a yi ba, da kayan jama'a da aka samu a ajiye a hannun waɗanda bai kamata ba. Wanda ya ji irin wannan a rediyo, sai aka ce masa kansilan unguwarsu ma haka yake, me zai hana shi yarda?

Shi ya sa ban ga laifin waɗanda suka gaskata ba. Matar da ruwa ya shiga ɗakinta a watan Agusta ya jiƙa mata katifa da buhun gero ba ta da lokacin karanta jadawali na huɗu. Ciyaman ba ya ganuwa, Damaturu ta yi nisa, amma ƙofar Honarabul tana nan a bayan layi, kuma shi ne ya zo lokacin kamfe ya yi alkawarin famfo da kwalbati kamar baitulmali na aljihunsa. Wannan alkawarin na baki shi ne rabon kansiloli a cikin laifin. Su suka koya wa mutane cewa su ne masu kuɗin aiki, yau ga shi ana bin su bashin abin da ba a ba su ba.

Ba kuma wanke kowa nake yi ba. Kansila na iya cusa 'yan uwansa a jerin sunayen tallafi, yana iya karɓar kamasho a wurin ɗan kwangila, yana iya sa hannu a kasafin da bai karanta ba. Wanda ke da hujjar irin wannan ya kawo ta da sunan mazaɓa da kwanan wata da aikin da ake magana a kai, ya kai ICPC ko EFCC. Saƙon da ke yawo bai kawo mazaɓa ba, bai kawo wata ba, bai kawo takarda ba. Rantsuwa kawai ya kawo.

Ɓarnar kuwa iri biyu ce. Ta farko a fili take: kwatar da aka bari cike da leda da yashi don a hukunta kansila, gidajen masu fushin za ta fara yi wa ambaliya, sauro da amai da gudawa su biyo baya. Aikin gayya bai taɓa sauke wa hukuma nauyinta ba, amma shi ke tsare katangar ƙasa kafin hukuma ta motsa. Ta biyun ta fi ɓoyuwa, ta kuma fi ci mini rai. Muddin ana tare kansila a bakin masallaci ana tambayarsa miliyoyin da ba su wanzu ba, babu mai tambayar sakatariya ko ma'aikatar ƙananan hukumomi da ke Damaturu kuɗin da suka wanzu da gaske. Duk wanda ke da abin ɓoyewa a can, wannan saƙo ya yi masa aiki kyauta.

Akwai tambayoyin da kansila ba shi da hanyar zille musu, domin su ne aikinsa. Me aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana? Yaushe majalisarku ta zauna, kuma ka tayar da maganar kwatarmu? Nawa ake tarawa daga kasuwar shanu da tashoshin mota, wa ke karɓa, ina yake shiga? A rubuta su a takarda, bulama da limamin unguwa da 'yan kwamiti su sa hannu, a kai kwafi ɗaya ofishin ciyaman, a riƙe ɗaya da hatimin karɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa irin wannan buƙata. Adadin da teburin Abuja ya nuna da sunan Potiskum kuwa yana intanet, duk matashin da ke da data zai iya ciro na watan da ya wuce ya liƙa shi a jikin takardar.