Zafin kwano: kumfar feshi ko audugar gilashi?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, rufin kwano ya yawaita cikin garuruwanmu. Mangazar ƙungiya kwano, bankin cimaka kwano, ɗakin kaji ma kwano. Kwano yana da amfani, gara ba ta cin shi, ba a sake shi kowace shekara kamar ciyawa. Amma yana da aibi guda babba, shi ne zafi.

A watan Afirilu da Mayu, zafi a Maraɗi da Damagaram da Tawa yana wuce digiri 40 ko a inuwa. Kwanon da rana ta daka tun safe yana iya kai digiri 70. Wannan zafi kuwa bisa dukiyarku yake sauka. Kaza ba ta zufa. In zafin ɗaki ya wuce digiri 30, sai ta rage cin abinci, ƙwai ya ragu. In ya tsananta, sai a kwashi matattu. Iri ma haka: duk sa'ad da zafin wurin ajiya ya ƙaru da digiri 5, kwanakin da zai yi da rai suna raguwa da kusan rabi.

Don haka ne, in ƙungiya za ta gina mangaza ko babban ɗakin kaji, ɗan kwangila yakan ce a sa wani abu ƙarƙashin kwano don tare zafi. Abu biyu aka fi kawowa: audugar gilashi da kumfar feshi. Duka biyun aikinsu ɗaya da na rufin ciyawa. Suna riƙe iska cikin ƙananan kafofi, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Ku lura, ba su kawo sanyi. Tare zafi kawai suke yi.

Audugar gilashi

Ana narka rairayi da fasassun kwalabe a wuta mai tsanani, a ja su su zama zare siriri kamar auduga. A Amurka aka fara yin ta da yawa, wajen 1938. Tana zuwa a naɗe kamar katifa, sau da yawa da farar leda ko takarda mai ƙyalli a gefe guda.

Ta fi kumfa araha. Magini ko kafinta na gari yana iya sa ta da wuƙa da waya. Ita kanta ba ta cin wuta. In kwano ɗaya ya huje, ana ɗaga ta a gyara a mayar.

Amma ba ta son ruwa. In rufi yana yoyo da damana, ko raɓa ta taru a cikin kwano, sai ta jiƙe ta lotse, amfaninta ya tafi, kwano kuma ya yi tsatsa a ɓoye. In aka danne ta, ƙarfinta ya ragu. In aka bar kafa tsakanin ƙyalle da ƙyalle, zafi ya bi ta nan. Kusu yana son yin gida cikinta. Tana sa ƙaiƙayi da tari, don haka mai aikin ya sa riga mai dogon hannu, da safar hannu, ya rufe hanci da ido.

Kumfar feshi

Sunanta na masana poliyuretan. Wani Bajamushe, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa suka gano haɗin a 1937. Ruwan magani iri biyu ne cikin duro biyu. Inji yana haɗa su a bakin bututu, a fesa a jikin kwano. Nan take sai abin ya kumbura, ya daskare, ya manne.

Iri biyu ce. Akwai mai taushi kamar soso, tana shan ruwa. Akwai mai tauri, ba ta shan ruwa, ita ce ta dace da kwano. Santimita 5 na mai tauri yana aikin da sai audugar gilashi ta kai kamar santimita 8 zuwa 10 kafin ta yi shi. Tana toshe kowace kafa, ƙura ba ta shiga, raɓa ba ta samun wurin taruwa.

To, amma tana da tsada. Sai da inji, sai da gwani, shi kuwa daga birni za a ɗauko shi. In kwano yana da ƙura ko mai ko tsatsa, ba ta kamawa da kyau. In haɗin bai yi daidai ba, sai ta yi ta wari ko ta ɓamɓare. Lokacin feshi tururinta yana cutar da huhu: a fitar da mutane da dabbobi, kada a koma sai an kwana an yini da ƙofofi a buɗe. Rana tana cinye ta in ba a rufe ba. Kaji suna tsattsage ta in bakinsu ya kai. Babban haɗarinta shi ne wuta. Tana ci, hayaƙinta kuwa guba ne. Mai ɗumama ƴan tsaki da gawayi ya riƙe wannan da kyau. Kada a yi walda kusa da ita.

Wacce za a zaɓa?

Kada ku fara da tambayar kuɗi. Ku fara da tambayar abin da za a sa cikin ɗakin.

In ɗakin sanyi ne mai inji, na madara ko nama ko dankali, kumfa mai tauri ta fi. Nan ana so a toshe ko'ina, kuma tsadarta tana dawowa ta wajen ragin kuɗin lantarki.

In mangazar hatsi ce ko ta iri, ko ɗakin taro, audugar gilashi ta isa, muddin rufi ba ya yoyo, an kuma rufe ta daga ƙasa da katako ko raga mai ƙananan ido don kusu.

In ɗakin kaji ne, kowacce aka sa, a rufi kaɗai za a sa ta. Gefuna a bar su da raga iska ta ratsa. Ɗakin da aka toshe babu taga, zafin jikin kaji da warin kashinsu ba su da hanyar fita.

In albasa ce, kada a toshe ɗaki ko kaɗan. Albasa iska take so. Mutanen Galmi da kewaye sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa suke ajiye ta a rudu.

Kafin ku taɓa asusun ƙungiya

Akwai dabaru masu sauƙin kuɗi da ya kamata a fara yi. A shafa wa kwano farin fenti ta waje, don fari yana mayar da hasken rana. A ɗaga rufi ya yi tsawo, a bar kafar iska can sama a sa mata raga. A yi rufin ciki da zana ko tabarma, a bar fili tsakaninsa da kwano. A miƙe tsawon ɗaki daga gabas zuwa yamma. A dasa itace gefen yamma. Sau da yawa waɗannan kaɗai sun isa.

In kun ga sai an saya, ku tara ƴan kwamiti ku yi wa ɗan kwangila tambaya huɗu. Wace iri ce? Kaurinta santimita nawa? Da me za a rufe ta don wuta da kusu? In ta lalace, wa zai gyara? Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku rubuta amsarsa a takarda, ya sa hannu. Bayan aiki ku soka ƙusa ku auna kaurin da kanku kafin ku biya sauran kuɗi.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce kyau ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ku yi shawara tare. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu damana mai albarka.