Gulli: tashar katun ta yaran Faransa da yadda ta iso gidajenmu

A gidajen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai inda ake da akwatin Canal+, da wuya a samu yaron da bai san Gulli ba. Da an taso daga lakkwal, in dai akwai wuta, can ake komawa, kuma sau da yawa yaran sun fi iyayensu sanin inda tashar take a jerin tashoshi. Abin da take nunawa kuwa, dokokin Faransa da kuɗin talla ne suka tsara shi tun shekaru goma kafin ta iso nahiyarmu.

Katun na yara a tasha ta musamman ya girmi Gulli. Tun watan Disamba na 1985 aka buɗe Canal J a Faransa, sai TiJi ta biyo baya a 2000 domin ƙananan da ba su shiga firamare ba. Dukansu biyu na kuɗi ne, sai gidan da ya biya yake gani. Da Faransa ta ƙaddamar da talabijin na dijital kyauta, wanda ake kira TNT, a ƙarshen Maris 2005, sai aka ga babu tashar yara a cikinsa. Kamfanin Lagardère, mai Canal J da TiJi, ya haɗa kai da gidan talabijin na gwamnati, France Télévisions, suka gabatar da shiri mai suna Gulliver. Hukumar sa ido kan kafofin watsa labarai, CSA, ta ba su izini. Aka taƙaita sunan, Gulli ta fara aiki ranar 18 ga Nuwamba 2005 a lamba 18. Lagardère na da kashi 66 cikin ɗari, France Télévisions na da 34.

Wannan zama na tarayya bai ɗore ba. A 2014 France Télévisions ta sayar da kasonta, ta mai da hankali kan tasharta France 4. Shekaru biyar bayan haka, a 2019, Lagardère ma ta sayar da Gulli tare da ƴan uwanta ga rukunin M6 kan euro miliyan 215, kimanin miliyar 141 ke nan na CFA. M6 ce ke riƙe da ita har yau, kuma tun watan Yunin 2025 ta koma lamba 12 a Faransa.

Tasha ta kyauta da talla take rayuwa, kuma a nan ne iyaye ya kamata su buɗe ido. A watan Disamba na 2016 majalisar Faransa ta yi doka da ta hana talla a cikin shirye-shiryen yara ƴan ƙasa da shekara 12, ta fara aiki a farkon 2018. Amma dokar tashoshin gwamnati kawai ta shafa. Gulli, da yake ta ƴan kasuwa ce, ta ci gaba da tallanta. Wani lokacin ma ba a buƙatar tallan daban, katun ɗin da kansa ya isa. Pokémon, Beyblade, Transformers da Power Rangers duk sun shiga jadawalin tashar, kuma kowannensu akwai kayan wasa ko katunan da ake sayarwa a bayansa. Beyblade, in an cire ado da ihun, wasan katantanwa ne da yaranmu suka daɗe suna yi ba tare da sun biya ko dala ba. Da dare kuma, lokacin da yara suka kwanta, tashar na juyawa ga manya da fina-finai da wasanni a ƙarƙashin sunan Gulli Prime, domin masu talla sun fi son wanda ke riƙe da aljihu.

Sai dai akwai wata dokar da ta ja tashar zuwa wani ɓangare. A Faransa, tilas ne kashi 60 cikin ɗari na ayyukan da tasha ke watsawa su kasance na Turai, kashi 40 kuma waɗanda aka yi su da Faransanci tun asali. An kuma wajabta wa tashoshi zuba wani kaso na kuɗin da suke samu a cikin shirya sababbin ayyuka, ga tallafin hukumar fina-finai ta ƙasar, CNC. Tashar yara ba za ta iya cika jadawalinta da kayan Amurka da Japan kaɗai ba, dole ta yi odar katun a gida. Haka masu zane a Paris da Angoulême suka samu aiki na dindindin, har Faransa ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙasashen da ke yin katun a duniya.

Kamfanin Xilam na Marc du Pontavice misali ne mai kyau. Shi ke da Oggy et les cafards, labarin wani shuɗin kyanwa da kyankyasai uku, Joey, Dee Dee da Marky, suka hana shi sakat a gidansa. Shi ne kuma ya yi Zig et Sharko, inda wata kura mai yunwa ke ta ƙulla dabarun cinye ƴar ruwa Marina, babban kifin da ke gadinta kuma yana lakaɗa mata duka. Duk wanda ya taso da tatsuniyar gizo da kura ya san wannan kurar: kwaɗayi ya yi yawa, wayo ya yi kaɗan, kullum ita ke kwana ciki. Abin lura shi ne a cikin katun biyun nan babu mai magana. Gudu ne, da faɗuwa, da kiɗa, da gurnani. Ga mai sayarwa wannan riba ce, tunda ba sai an ɗauki masu murya a kowace ƙasa ba, kuma Oggy ya yi suna har Indiya. Ga yaro ɗan shekara biyar da Hausa ko Zabarmanci kawai yake ji, shi ne katun ɗin da yake fahimta daga farko har ƙarshe.

Gulli Africa ta fara a 2015 a cikin tashoshin Canal+, domin ƙasashe fiye da 20 na kudu da Sahara masu amfani da Faransanci. Bayanta an yi Gulli Bil Arabi da Larabci a 2017. Bambanci na farko da uwar tashar shi ne kuɗi: abin da yaron Lyon ke kallo kyauta da eriya, a nan sai mahaifi ya sabunta biyan wata. Na biyu shi ne harshe. Iyaye da yawa na ganin tashar tamkar ƙarin darasi, kuma akwai gaskiya a ciki, domin yaron da ke jin Faransanci kullum kunnensa na sabawa kafin ya je gaban mushe. Amma Faransancin katun na wasa ne da tsokana, da sauri ake yinsa, ba shi ake tambaya a jarrabawa ba. Akwai kuma batun shekaru. Tun 2008 hukumar CSA ta ja kunnen iyaye cewa kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 3 gaban talabijin, ko da shirin an ce nasa ne. A gidan da falo ɗaya ne, ƙanin da ke goye yana kallon duk abin da yayyensa ke kallo.

A ganina, abin da ya fi dacewa a ɗauka daga tarihin Gulli shi ne hanyar da aka bi kuɗi ya isa hannun masu zane, tunda gwanintar zanen ba baƙuwa ba ce a Nijar. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, yana cikin waɗanda suka fara yin katun a Afirka baki ɗaya. Ya koyi aikin a Kanada wajen Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, ɗan gajeren fim na wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da dukan ƙasaitar da aka sani, kuma duk wanda ya kalla ya gane da wa ake. Ya yi Samba le grand a 1977 da ƴan tsana, ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke kokowa a fili ƴan kallo na sowa. A Tawa ya zauna shekaru masu yawa, ya kafa ƙaramin ɗakin aikinsa, yana harhaɗa wasu kayan da hannunsa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015.